Gasar tafiya a ƙafa tsakanin ma'aikata a ofis, ta ina zan fara?

Baban Walid:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin irin wannan a wurin aikinsu. Ina aiki a wani kamfani a Kaduna, ba mu da yawa sosai, yawancinmu aikin zaman kujera ne daga takwas na safe har yamma gaban kwamfuta. Kwanaki aka kawo ma'aikatan asibiti suka auna mu, wallahi abin da aka gani ya tayar ma oga da hankali, hawan jini ko ta ina har da yaran da ba su kai arba'in ba, wasu kuma suga ya fara leƙowa. Shi ne ya ce in tsara wani abu na motsa jiki da kowa zai shiga, kuma shawararsa ita ce a raba mu rukuni-rukuni, kowa ya saka manhajar ƙirga taku a wayarsa, ƙarshen wata rukunin da ya fi yawan taku a ba su kyauta.

To ni dai abin ya kwanta min amma akwai inda nake jin tsoro. Muna da mata da yawa kuma na san ba za su fito titi su yi ta sassarfa tare da maza ba, muna da dattawa masu ciwon gwiwa, ga masinjoji da masu shara da su dama yini suke a tsaye, in aka ce taku za a ƙirga ai sun ci tun ba a fara ba. Ga zafi ga azumi in ya zo. Ya kuka yi naku? Kuma da gaske abin yana amfani ko dai sati biyu ne kowa ya watse?

Maman Ilham:

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya yi maka jagora, aikin lada ne aka ɗora maka. Ni a ma'aikatar gwamnati nake kuma mun yi irinsa, bari in faɗa maka ta ɓangaren mata tunda nan ka fi jin tsoro. Mata ba ƙin motsa jiki suke ba, lokacin da ake sawa ne ba nasu ba. In ka ce Asabar ƙarfe shida na safe a haɗu a Dandalin Murtala to ka sani maza kawai ka gayyata, don a wannan lokacin mace tana kan abin kari da shirya yara islamiyya, wata kuma maigida ba zai bari ba, wata ba ta da abin hawa. Amma in ka ce minti ashirin a cikin lokacin aiki, a cikin harabar ofis, mata su zagaya ta ɓangarensu da hijabinsu da takalmi mara tsini, za ka sha mamakin yadda za su fito, mu har waɗanda ba a zata ba su suka fi riƙe abin.

Kuma dan Allah kar ka kuskura ka kawo maganar sikeli. Kar a ce gasar rage ƙiba, kar a liƙa nauyin kowa a allo. Akwai mai shayarwa, akwai mai ƙaramin ciki da ba ta faɗa ma kowa ba, akwai wadda maganin da take sha ne ke sa ta ƙiba, ranar da aka yi ma ɗaya dariya to ka rasa su gaba ɗaya kuma ba za su faɗa maka dalili ba. Sannan ka sa mace a cikin masu tsarawa, ba a gama a kawo mana a takarda ba.

Abu Hanifa Physio:

Malam Baban Walid sannu da ƙoƙari. Ni aikina gashin ƙashi ne a asibiti, kullum ina ganin ƙarshen zaman kujerar nan, ciwon baya da wuya da shanyewar ɓarin jiki. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙa'idojinta na 2020 shi ne baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, wato irin tafiyar da numfashinka zai ɗan ɗaga amma kana iya magana, ko kuma minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi kamar gudu ko ƙwallo, sannan kwana biyu a sati a yi abin da zai ƙarfafa tsoka. In ka raba 150 ɗin nan a kwanakin aiki biyar minti talatin ne kawai a rana, kuma ba dole a yi shi a haɗe ba, goma da safe goma bayan azahar goma kafin a tashi duk ya shiga lissafi.

Maganar taku dubu goma da manhajojin waya suke sa ma mutane, kar ka ɗauke ta a matsayin dole. Asalinta sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka fitar kasuwa a Japan a 1965, sunan ya bi duniya. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2019 kan mata tsofaffi ya nuna masu yin taku kusan 4,400 a rana ma sun fi masu yin ƙasa da haka tsawon rai, kuma amfanin yana ta ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Saboda haka dattijon da yake yin dubu biyu ya koma dubu huɗu ya fi cin riba a jikinsa a kan saurayin da ya tashi daga dubu goma zuwa sha biyu, kuma shi wannan dattijon shi ne dalilin da ya sa oganku ya damu tun farko.

Wannan ya kawo ni kan masinjojinka. Kar ku ƙirga jimillar taku. Sati na farko kowa ya yi rayuwarsa yadda ya saba a rubuta nawa yake yi, daga nan maki ya zama a kan ƙarin da mutum ya yi a kan nasa na farko, ko ma mafi sauƙi a ba rukuni maki a kan mutum nawa ne cikinsu suka fito a ranar. In aka yi haka rukuni ba zai ci da gwani ɗaya ba, dole su je su lallaɓo wanda ya fi kowa nauyin jiki. Kuma waɗanda aka samu jininsu ya hau sosai su ga likita su fara shan magani tukuna, tafiya tana taimakawa amma ba ta maye gurbin magani, duk wanda ya ji ƙirji ya riƙe ko jiri ya tsaya nan take.

Danjuma Kawo:

Yallaɓai ni zan ɗan saɓa da su kaɗan, ba don in kashe maka gwiwa ba. An gwada irin shirye-shiryen nan a manyan wurare kuma sakamakon bai kai yadda ake tallatawa ba. A jami'ar Illinois ta Amurka an yi gwaji da ma'aikata kusan 5,000, aka ba wasu damar shiga shirin wasu aka bar su, da aka zo dubawa sai aka ga waɗanda suka yi rajista dama can sun fi sauran lafiya, kuma shirin bai rage kuɗin asibiti ko fashin aiki ba yadda za a ce a zo a gani. Wani gwajin kuma a wani kamfanin manyan shaguna mai ma'aikata kusan 33,000, bayan wata 18 mutane sun ƙara cewa suna motsa jiki amma awon jini da nauyi bai canza ba. Ma'ana in ba a yi hankali ba masu zuwa ƙwallon yamma dama su ne za su kwashe kyautar, mai ciwon yana nan a kujerarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne kamfani ya riƙe mutum har bayan magariba, ya sha cunkoso kafin ya kai gida, sannan a ce masa laifinsa ne bai yi taku ba. Wuraren da abin ya zauna da gindinsa lokaci aka bayar daga cikin na aiki. A Ruwanda ma'aikatan gwamnati suna da yammacin Juma'a na wasanni, kuma a Kigali tun 2016 ake rufe wasu manyan tituna da safiyar Lahadi mutane su fito motsa jiki, yanzu sau biyu a wata. A Japan tun 1928 ake sa motsa jiki a rediyo, na ƴan mintuna ne, har yau masana'antu da yawa da shi suke buɗe aiki kowa a tsaye har manaja. Mu nan muna da FEPSGA, gasar wasanni ta ma'aikatan gwamnati, abu ne mai kyau amma ƴan wasan ma'aikata ne ke zuwa sau ɗaya a shekara, ba ta taɓa akawun da ke zaune. Don haka ka koma wurin oga ka tambaye shi minti nawa zai bayar daga lokacinsa, kuma shi da kansa zai fito? In ya ce a'a to manhaja ba za ta yi muku komai ba.

Baban Walid:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya maganar sikeli dama har an fara kawo ta, yanzu zan cire. Malam Danjuma gaskiya ka faɗa kuma gobe in sha Allah zan tunkari oga da maganar lokaci, ina ganin zai yarda da minti ashirin bayan sallar azahar tunda dama ana fita. Saura biyu, azumi da zafi, sannan wani abokin aikina ya ce mutane za su riƙa girgiza waya ko su ba yaro ya yi ta gudu da ita a gida.

Maman Ilham:

Za su yi kam in dai kyautar kuɗi ce mai tsoka, har jijjigar Keke Napep a hanya mara kyau wata wayar tana ƙirga ta a taku. Shi ya sa tsarin da Abu Hanifa ya faɗa na ƙirga waɗanda suka fito ya fi, ido na ganin ido, kuma ba kowa ke da babbar waya ba musamman masu gadi da masu shara. Kyautar ma ta zama ta rukuni ce gaba ɗaya kuma ƙarama, a saya musu kayan marmari ko a bar su su tashi da wuri ranar Juma'a, kuma duk bayan wata biyu a sake cakuɗa rukunin don kar sashe ɗaya su yi ta ci sauran su zuciya.

Amma bayan azahar a watan Maris da Afrilu a Kaduna ka sake tunani ƙanina, rana ce tsaka, mai hawan jini bai kamata ya shiga wannan ranar ba. Lokacin zafi ku mayar da shi farkon safiya da an shigo, ko a yi a baranda da matattakalar bene, a ajiye ruwa. Lokacin hunturu kuma masu asma su yi nasu a ciki saboda ƙura. Da azumi mu dakatar da gasar muke gaba ɗaya, sai ɗan miƙe jiki na minti biyar a ofis ga mai so, dama ga tarawihi ga tafiya masallaci, bayan sallah da sati ɗaya a dawo. Ka sa ranar dawowar a takarda tun kafin a ga wata, don mu a nan ne mutane suka fi zamewa, kuma ka ba shugaban kowane rukuni aikin kiran mutanensa ɗaya bayan ɗaya a ranar.