Wutar a-kori-kurata tana ɗaukewa tana dawowa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tsohuwar Hilux mai shan gas da nake dakon hatsi da ita zuwa kasuwar Dawanau. Tun shigowar damina, da na faɗa gargada sai fitilun gaba su dushe, hon ya shaƙe, can kuma komai ya dawo. Wata safiyar na murɗa makulli, ƙas kawai nake ji.

Na sa sabon batir, na kankare kawunansa, an duba fiyus. Sau uku ina kai ta wurin mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, amma a gabansa lafiya lau take tashi, abin da ya fi damuna ke nan.

Wayar da ta haɗa batir da bodi ce ta yi tsatsa, ko altaneta mai cajin batir ce? Don Allah ta ina zan fara gwadawa? Tafiyar dare nake yi.