Fim a garin hamada: in saka mutanen gari ko in taho da 'yan wasa?

Mai_Labari: Assalamu alaikum. Zan ɗauki fim da kuɗin aljihuna, babu kamfani a bayana. Labarin wasu 'yan birni biyu ne da mota ta mace musu a wani ƙaramin gari cikin hamada. Kwana 12 kacal kuɗina zai kai. In saka mutanen garin su fito a matsayin kansu, ko in taho da ƙwararru? Waɗanda suka taɓa yi, ku taimaka.

Mai_Sauti: Ka fara sayen rigar makirfo mai gashi. Iskar la'asar ta cinye mana maganganun yini guda, sai a sutudiyo muka sake. Kada kuma ka canja gilashin kyamara a fili, yashi ba ya jin lallashi.

'Yar_Rairayi: Ɗan'uwa, ni a irin garin na tashi. Wasu sun zo mana haka, motoci uku. Mahaifina ya ba su tsakar gidanmu, janaretansu ya kwana yana ruri, suka kwashe ruwan da muke tanadi na mako. Sun rantse za su dawo su haska mana. Bayan shekara biyu a waya na gani: an ɗauko tsohon yana alwala, an ɗora kiɗan barkwanci, ɗan birni na toshe hanci. Har ya rasu ban nuna masa ba.

Furodusa_K: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Amma mutanen gari sun fi sauƙi. Kuɗin jarumi ɗaya ya sallami mutum goma a wurina.

Mai_Sauti: Ina! Mu kwana 10 ya koma 16 saboda maimaici, kuɗin mai da ruwa ya ninka.

Ɗalibin_Fim: Darakta Abderrahmane Sissako a Oualata ta Muritaniya ya ɗauki fim ɗin Timbuktu na 2014, har ya shiga takarar kyautar finafinai ta Oscar. A Ouarzazate ta Maroko kuwa, inda aka buɗe wurin ɗaukar fim na Atlas Studios a 1983, fitowa a fim sana'a ce ga mutanen gari.

Furodusa_K: Ƙanena, wannan karatu ne. Ka taɓa riƙe kyamara a rana tsaka?

'Yar_Rairayi: Kai da ka riƙe, Malam, ka koma ka nuna musu?

Sarkin_Raha: Ku saka raƙumi kawai, ba ya neman ƙarin kuɗi 😂

Mai_Sauti: Raƙumi ya taɓa tauna min waya, ka bari.

Ɗalibin_Fim: Ni abin da ke ƙona min rai, da an ce hamada sai a rina hoton ya koma ruwan ɗorawa, kamar sararin can ba shuɗi ba ne.

'Yar_Rairayi: Ka faɗi gaskiya. A finafinan ba makaranta, ba mai waya, ba mai dariya. Namu da asuba har hazo yake yi, sanyi na ratsa ƙashi, ban taɓa gani a fim ba.

Mai_Labari: Na gode duka. To batun 'yan wasan fa?

Furodusa_K: Rinin nan masu tace hoto ne ke yi, ba mu ba.