Na'urar sanyaya ɗakin mahaifiyata ta tsaya: in gyara ko in sayi sabuwa?

Baban Hanifa, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar na'urar sanyaya ɗaki, musamman masu gyara da waɗanda irin wannan matsala ta taɓa samu. A shekarar 2013 na sayi esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin mai gida biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, na sa a ɗakin mahaifiyata. Shekara da shekaru tana aiki ba ta ba mu wata wahala ba, in ban da wankin da ake yi mata bayan hunturu. Amma daga bara zuwa bana sau uku ana ɗura mata gas, kuma kowane karo sanyin yakan yi wata uku ko huɗu sannan ya fara ja da baya, har nakan ga ƙanƙara ta taru a kan siririn bututun da ke bayan ɗakin.

Makon jiya ta tsaya gaba ɗaya. Idan aka kunna, ta ciki tana hura iska, fankar ta waje ma tana juyawa, sai injin ya yi gurnani na ɗan lokaci, a ji ƙas, ya yi shiru, bayan wasu mintoci ya sake gwadawa. Mai gyaran da na saba kira ya kasa kunne, ya ɗora hannu a jikinta, ya ce kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin, shi ne ya mutu, zai samo mini na hannu a kasuwa. Da na haɗa kuɗin kwamfireson da gas da ladan aiki, sai na ga ya kusa rabin kuɗin sabuwa. Ƙanena kuwa cewa ya yi in daina zuba ruwa a kwando, in sayo irin mai inbata da ake yayi yanzu, wadda injinta ke rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi maimakon ya tsaya.

Abin da ya fi damuna shi ne Hajiya. Ta manyanta, tana da hawan jini, ɗakinta kuma yana kallon yamma, ga rufin kwano, ga shi muna tsakiyar Afrilu. Tun ranar da na'urar ta tsaya a tsakar gida take kwana bisa tabarma, da mafici a hannu, kuma ba ta cewa komai don kada ta ɗora mini nauyi. Ba na son in yi gaggawa in yi asara, ba na kuma son in ja lokaci tana wahala. Me kuke gani?

Mai gyaran sanyi, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri. Wannan ita ce sana'ata, kuma kafin a kai ga batun gyara ko saye, ina ganin har yanzu ba a tabbatar da ciwon ba.

Alamun da ka bayyana, wato gurnani sannan a ji ƙas, ba lallai ne su nuna kwamfireso ya mutu ba. Wannan ƙas ɗin ƙaramin makunnin kariya ne da ke yanke wuta idan injin ya kasa tashi ya fara zafi. Abubuwa uku ne kan jawo haka: ko dai kwamfireson ya cije da gaske, ko wutar da ke shigowa gidan ba ta da ƙarfi, ko kuma kapasito ya lalace. Kapasito wani abu ne mai kama da gwangwanin madara a cikin akwatin waje, shi ne yake taimaka wa injin ya tashi, kuma zafin bazara yana kashe shi ƙwarai. Sau da yawa da ido ma ana ganewa, domin kansa yakan kumbura ko ya tsatso mai. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kwamfireso. Saboda haka ka nemi a zo da mita a auna ƙarfin wutar gidan, wadda ya kamata ta kasance kusa da bolt 230, a auna kapasiton a gwada da lambar da ke jikinsa, sannan a auna wayoyin kwamfireson guda uku a ga ko sun ƙone ko sun taɓa jikin ƙarfe. Ɗora hannu a jikin inji ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kada kuma kai da kanka ka taɓa kapasiton, domin yana riƙe wuta ko bayan an kashe.

Batun gas shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Jama'a da yawa sun ɗauka gas ɗin esi yana ƙarewa kamar na girki, alhali ba haka ba ne. A rufe yake, zagayawa kawai yake yi tsakanin na'urar ciki da ta waje, ba ya ƙonewa ba ya raguwa. Duk na'urar da aka ɗura wa gas sau uku cikin shekara biyu, to akwai inda take yoyo, kuma wanda ya ɗura bai nemi wurin ba gyaran gangar Auzinawa ya yi maka. Dalili kuwa shi ne gas ɗin da ke komawa cikin kwamfireso da sanyinsa shi ne yake sanyaya injin, don haka duk watannin da ta yi tana aiki da ragaggen gas, injin yana dahuwa ne a hankali. Ƙanƙarar da ka gani a siririn bututu ma shaidar hakan ce. A duba mahaɗan bututu da ruwan sabulu, a kuma lura da duk inda aka ga danshin mai ya kama ƙura, domin inda gas ya fita mai ma yakan biyo shi. Idan ba a gani ba, a matsa mata iskar naitirojin a bar ta a ga ko ma'auni zai sauka. Yoyon mahaɗa gyaransa mai sauƙi ne. Yoyon da ke cikin naɗin bututun nan na na'urar ciki shi ne mai wuyar sha'ani, domin idan tsufa ya fara cin sa, kana toshe nan can yana ɓullowa.

Sai ka duba takardar da ke manne a gefen na'urar waje ka ga irin gas ɗinta. Tunda ta 2013 ce, ina kyautata zaton R22 za ka gani. Wannan gas yana cikin waɗanda aka amince a daina amfani da su ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsu ga rufin ozon da ke sararin sama, kuma Najeriya tana cikin yarjejeniyar. Jadawalin ƙasashe masu tasowa shi ne a rage kashi 35 cikin ɗari a 2020, kashi 67.5 a 2025, sannan a 2030 a bar ɗan ƙalilan kawai domin gyaran tsofaffin na'urori. Ma'ana kullum R22 sai ƙara wuyar samu yake yi, gauraye da na jabu kuma suna samun kasuwa. Ba a kuma iya zuba mata sababbin gas irin R410A ko R32 a madadinsa, domin matsinsu ya fi yawa, man injinsu ma daban ne.

Ga hukuncina a taƙaice ga mai irin na'urarka: idan kapasito ne da yoyon mahaɗa, ka gyara ba tare da wani tunani ba. Idan kwamfireso ya ƙone, ko yoyon yana cikin naɗin bututu, ban ga hikimar kashe rabin kuɗin sabuwa a kan kwamfireson da ba wanda ya san shekarun da ya yi yana aiki a wata ƙasa ba, kuma wanda garantinsa ba ya wuce gwajin da za a yi a gabanka.

Maman Sadik, Zariya

Malam, ni ta fuskar kuɗin wuta zan yi magana, domin nan ne na ga bambanci a gidana. Tun da hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ƙara kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, a watan Afrilun 2024, daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit, duk da an ɗan rage daga baya ya tsaya sama da 200 kaɗan, lissafin esi ya canja ga duk wanda ke wannan rukuni. Irin taka tana jan abin da ya kai wat 1,200 ko kusa da haka. Idan injinta ya yi awa takwas yana aiki, ta ci wajen yunit 10 ke nan, kusan naira 2,000 a dare ɗaya, kimanin 60,000 a wata. Tsohuwar na'ura mai ƙarancin gas kuwa ba ta hutawa, domin ɗakin ba ya kai sanyin da zai sa ta tsaya.

Mai inbata ba ta kashewa ta kunna kamar tsohuwar, rage gudu take yi idan ɗaki ya yi sanyi ta ci gaba a hankali, kuma ba ta fizgar wuta lokacin tashi. Wannan ne ya sa ƙaramin janareta ko sola ke iya ɗaukarta, wanda ga ɗakin dattijuwa ba ƙaramin abu ba ne, tunda zafi ba ya jiran a kawo wuta. Sai dai in faɗi gaskiya, sauƙin yana fitowa ne idan ɗakin yana riƙe sanyi. Mu sai da muka toshe ƙasan ƙofa, muka sa labule mai kauri a tagar da rana ke duka, sannan katin mita ya fara jimawa. Idan gidanku ba ya Band A, ko na'urar awa biyu ko uku kawai take samu a rana, za a daɗe kafin rarar wutar ta biya kuɗin sabuwa, don haka ka yi lissafin da naka yanayin.

Dattijon Fagge

Ban ƙi abin da Maman Sadik ta faɗa ba, amma ina so ɗana mai tambaya ya ji ɗaya ɓangaren. Na'ura mai inbata tana da allon lantarki a akwatin waje, wanda masu gyara ke kira fanel, kuma shi ne ran na'urar. Wutar da ke hawa da sauka, da tsawa a farkon damina, da ƙadangare ko tsaka da kan shiga ciki neman ɗumi, duk suna iya ƙona shi. Tsohuwar esi kowane mai gyara a unguwa ya san cikinta, kayanta kuma suna nan a Sabon Gari. Fanel kuwa sai an sami na ainihin samfurin, wani lokaci a yi makonni ana nema. Na ga wannan a gidan maƙwabcina, sabuwar na'ura tana rataye a bango suna kwana da fanka. Saboda haka idan za ka saya, ka tambayi dila tun kafin ka biya ko suna da wurin gyara da kayan canji a Kano, ka karɓi takardar garanti da rasit, ka kuma haɗa da na'urar kariya mai jinkirta kunnawa na mintoci uku bayan an dawo da wuta. Idan kuwa gwaji ya nuna injin tsohuwar lafiyarsa ƙalau, kada ka yar da ita don ana yayin wata.

Baban Hanifa, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na kira wani mai gyaran ya zo da kayan awo. Da ya buɗe akwatin waje sai ga kapasito ya kumbura kamar yadda Malam na Kaduna ya kwatanta. Aka canja shi, injin ya tashi nan take, kuma daren jiya Hajiya a ɗakinta ta kwana, alhamdu lillahi. Sai dai akwai sauran magana. Gas ɗin R22 ne, injin yana jan wuta fiye da abin da aka rubuta a takardar jikinsa, kuma da aka cire murfin ta ciki an ga danshin mai a wurare biyu a jikin naɗin bututun, ruwan sabulu ma ya yi kumfa a nan. Ya ce zai iya yin walda, amma ba zai ɗaukar mini alkawarin za ta kai baɗi ba. Ina tunanin in bari a toshe a ƙara gas don ta fitar da mu wannan bazara, ni kuma in fara tara kuɗin sabuwa. Ko akwai kuskure a wannan?

Mai gyaran sanyi, Kaduna

Babu kuskure, Malam, matuƙar wannan ne kuɗi na ƙarshe da za ka sa mata. A yi waldar, a gwada da naitirojin, a zuƙe iskar ciki da famfon zuƙa, sannan a ɗura gas da awo. A wanke naɗin na'urar waje da kyau, domin ƙurar hunturu da ta toshe shi tana cikin abin da ke sa injin jan wuta da yawa, ragar tace ƙura ta ciki kuma a riƙa wanke ta duk mako biyu. Idan sanyin ya sake raguwa, kada a ƙara ɗurawa.

Ranar da za ka sayi sabuwa, ka duba ko an rubuta T3 a jikinta ko a littafinta. Na'urorin T1 ana auna ƙarfinsu ne a zafin digiri 35, na T3 kuwa a 46, kuma Kano a Afrilu tana haura 40, balle jikin bangon da ke kallon yamma. Tunda rufin kwano ne, a auna ɗakin tukuna, domin mai inbatar da ta yi wa ɗaki kaɗan za ta yini tana gudu da dukkan ƙarfinta, ba za ka ga sauƙin wutar da Maman Sadik ta ambata ba. Kada ka yarda a bar tsofaffin bututun don rage kuɗi, domin ragowar tsohon mai yana cikinsu, kuma ba lallai ne kaurinsu ya jure matsin sabon gas ba. Ka tsaya a wurin lokacin ɗaurawa ka ga an yi amfani da famfon zuƙa, ba a fesa gas a ce an kori iska ba. Idan R32 ce, ka sani tana iya kama wuta kaɗan, don haka ba a kusantar da wutar walda sai an kwashe gas ɗin. Akwatin waje kuma a ɗauke shi daga bangon yamma zuwa inda inuwa take, a bar masa sarari ta baya yadda iska za ta ratsa. Ka gaishe mana da Hajiya.