Wasan raket da rage ƙiba a Zariya: kowa ya faɗi abin da ya gani

Ma'aikacin ofis, Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kawo wannan zance ne domin na san a cikinmu akwai waɗanda suka ɗauki raket da niyyar rage ƙiba, wasu sun dace, wasu kuma suna nan inda suke. A bara likita ya ce jinina ya fara hawa, nauyina kuma ya wuce abin da ya dace da tsayina, shi ya sa na koma wasan badminton da na bari tun ina sakandare. Muna bugawa bayan la'asar, biyu-biyu, kuma jikina ya yi daɗi ƙwarai, barci ya gyaru, hawan bene ya daina sa ni haki. Sai dai sikeli ya ƙi motsi, tumbin ma yana nan. Ina roƙon duk wanda ya bi ta wannan hanya ya faɗa mana abin da ya yi, da abin da yake ci, har da abin da yake saurare idan yana motsa jiki shi kaɗai, domin ranakun da babu abokan wasa su ne suke gagara ta.

Malamin makaranta, Samaru

Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai zan tambaye ka: idan kun tashi daga fili, ina kuke nufa? Mu a namu rukunin, da an idar da magariba sai teburin mai shayi, kowa ya sa a haɗa masa mai kauri da madarar gwangwani, a soya masa indomi da ƙwai biyu, ga rabin biredi a gefe, sannan a isa gida a tarar da tuwo, wanda babu halin a ce wa uwargida an ƙoshi. Wani abokin aikinmu da ya karanci ilimin motsa jiki ne ya zaunar da mu ya yi mana lissafi. Mutum mai kilo 85 idan ya buga badminton na nishaɗi awa guda cur, abin da zai ƙona bai cika wuce kalori 450 ba (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), kuma a wasan biyu-biyu ana yawan tsayuwa ana jiran abokin wasa ya mayar. Ƙaramar ledar indomi ɗaya ta haura kalori 300 tun kafin ta ga mai, babban cokalin mai ɗaya kusan 120 ne, ƙwai biyu kuma kimanin 150. Ke nan abin da raket ya fitar cikin awa guda, mai shayi yana mayar da shi har da riba cikin minti goma. Kilo ɗaya na kitse kuwa ya kai kalori kusan 7,700, don haka ba abin mamaki ba ne sikeli ya tsaya cak.

Abin da muka yi shi ne muka bar wa mai shayi daren Juma'a kawai, saboda hirar da ake yi a can tana cikin abin da ya riƙe mu tare, sauran ranaku kowa ya zo da gorar ruwansa ya wuce gida. Muka kuma sa dokar cewa kowa sai ya buga wasa ɗaya shi kaɗai kafin a haɗu biyu-biyu. Tsawon fili mita 13.4 ne, faɗinsa a wasan mutum ɗaya mita 5.18, kuma idan kai kaɗai za ka tsare wannan fili har maki 21, za ka san ka yi aiki. Daga nan ne wandona ya fara yi mini yawa a ƙugu.

Matsalar da ban ga maganinta ba ita ce hunturu. Shatil, wato ƙwallon badminton, nauyinsa kimanin gram biyar ne, gashin tsuntsu ne guda 16 aka jera a kan ɗan toshe, saboda haka daga Disamba zuwa Fabrairu iska tana ɗauke shi ta kai inda ta ga dama, bushewar yanayi kuma tana sa gashin ya karye da wuri. Mukan sa ɗan soso mai danshi a cikin kwalinsa ya kwana, ko mu koma na roba, amma a fili na waje ba ya buguwa sai da sassafe kafin iska ta tashi.

Uwargida, cikin Birni

Sannunku da ƙoƙari. Mu mata ba mu da filin zuwa kamar ku, don haka igiyar shanya ce ragarmu. Idan yara sun tafi Islamiyya da yamma, ni da ƙanwar maigida mukan share tsakar gida, mu ɗaga igiyar ta kai kusan tsayin kafaɗa da ɗan ƙari, mu buga har mu jiƙe da gumi. Katanga tana tare mana iska, abin da ya sa hunturu ba ya hana mu. Wayata nakan ɗora a kan turmi in saki kiɗan ƙwarya, irin na marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, domin bugunsa ba ya barin mace ta tsaya wuri ɗaya, kuma da shi muka tashi a gidajen biki.

Wajen abinci, ni ce mai tukunya, shi ya sa gyaran ya zo mini da sauƙi. Na daina tuttula mai daga galan, sai in auna da cokali. Malmalar tuwo biyu ta koma ɗaya, miyar ganye ta ƙaru, kwaɗon zogale da na rama suka zama abincin rana a wasu ranaku, zoɓo kuma na rage masa sukari sannu a hankali har harshen yara ya saba ba su lura ba.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne bakin mutane. Da na fara ramewa, duk gidan sunan da na shiga sai a ja ni gefe a tambaye ni ko lafiya, ko akwai abin da ke damuna a gidan miji. Wata dattijuwa da nake ganin girmanta ta ce mini jiki shi ne rufin asirin mace. Na san ƙauna ce ta sa ta faɗa, amma mahaifiyata ciwon sukari ne ya cinye ƙarshen rayuwarta, ni na yi jinyarta, kuma ba na so 'ya'yana su yi irin wannan jinya. A wurinmu har yanzu ana ɗaukar ƙiba alamar hutu, kuma ina ganin wannan ya fi rashin fili hana mata farawa.

Ma'aikaciyar jinya, Palladan

Hajiya, Allah ya jiƙan Mama, kuma ki riƙe abin da kika fara. Ina so in ƙara muku abin da muke faɗa wa marasa lafiya kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kuma ya fi kyau kada ya wuce gram 25 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali shida, alhali kwalbar lemon zaƙi ɗaya takan wuce haka ita kaɗai.

Malam mai tambaya, kada sikeli ya karya maka gwiwa. Ka samu tef ɗin tela ka auna cikinka daidai wajen cibiya sau ɗaya a wata. Idan ya kai santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, haɗarin ciwon sukari da hawan jini ya fara ƙaruwa, kuma sau da yawa tef yana nuna canji kafin sikeli. Raguwar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ita ce mai ɗorewa, kuma wanda ya zubar da kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na nauyinsa yakan ga sauƙi a awon jini da na sukari ko da tumbin bai ɓace ba. Babu wani atisaye da ke zaɓar kitsen ciki shi kaɗai, jiki ne yake ragewa gaba ɗaya.

Ina roƙonku ku nisanci shayin rage tumbi da ake tallatawa a waya da bakin kasuwa. Yawancinsa maganin wankin ciki ne ko mai sa yawan fitsari, ruwan jiki yake fitarwa, kuma na ga waɗanda aka kawo mana a galabaice saboda shi. Sannan ga maza da suka haura arba'in: ku ɗumama jiki minti goma kafin ku shiga fili. Badminton da sikwash, wato wasan buga ƙwallo a bango da raket, suna cikin wasannin da agara ke tsinkewa a cikinsu, kuma an fi ganin haka a wurin wanda ya daɗe bai yi wasa ba ya dawo da zafinsa. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe masa, ya ajiye raket nan take ya nemi likita.

Matashi, Sabon Gari

Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ƙwallon tebur nake bugawa a teburin unguwa, inda wanda aka ci shi ke biyan kuɗin wasa. Tun da ɗan wasan Najeriya Aruna Quadri ya kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Rio a 2016, abin da babu ɗan Afirka da ya taɓa yi kafinsa, na ɗauki wasan da muhimmanci. Amma gaskiya wasan maki 11 ne, yana ƙarewa da wuri, kuma idan layi ya yi tsawo zaman jira ya fi bugu yawa. Abin da ya rage mini jiki shi ne na daina hawa keke-napep daga shagonmu zuwa gida, na koma takawa, da tsallen igiya da safe.

A nan ne kiɗa ya yi mini rana. Na karanta cewa taku 100 a minti ɗaya shi ne matsakaicin sauri, sai na tara waƙoƙin zamani masu saurin bugu, na Hausa da na Kudu, ƙafata tana bin ganga ba tare da na ƙirga ba. Waƙoƙin soyayya masu sanyi na ware su, domin da sun shigo tafiyata take lafawa. Yaya mai tambaya, ka gwada wannan a ranakun da babu abokan wasa.

Dattijo mai ritaya, Hanwa

Ɗana na Sabon Gari, Allah ya yi maka albarka, amma ban yarda da toshe kunne a kan titi ba. Duk wanda ya san hanyar Kwangila zuwa Samaru ya san yadda tireloli da 'yan acaɓa suke gudu a kanta, kuma mai tafiya a ƙasa da kunnensa yake tsira. Idan dole ne, ka sa a kunne ɗaya ka rage ƙara.

Ni tanis na buga shekaru masu yawa, har Kano nakan je kallon gasar Dala, kuma a fili ban taɓa son kiɗa ba, domin ƙarar ƙwallo a kan raket tana gaya wa mutum irin bugun da aka yi masa tun kafin ta iso. Kiɗana na gida ne. Idan na dawo na yi wanka, sai in zauna in saurari kalangun marigayi Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta nan garin ta ba digirin girmamawa, kuma wannan zama yana cikin abin da ke sa in ɗoki fita washegari. A ganina abin da ya riƙe ni a wasa tsawon rayuwata shi ne akwai mutumin da ke jirana a fili, wanda zan ji kunya idan ban zo ba. Duk abokaina da suka sayi injin gudu suka ajiye a ɗaki, ƙura ce ta rufe shi.

Da azumi mukan mayar da wasa bayan tarawihi, mu sassauta shi. Wanda yake son ya fita daga watan da sauƙin jiki, ya lura da soye-soyen buɗa-baki, ƙosai da dankali da doya da ƙwai a faranti ɗaya kullum.

Ɗan kasuwa, Danmagaji

Nawa labarin bai yi daɗi kamar naku ba, amma ya kamata a ji shi. Na fara badminton ina da nauyi sosai, a kan siminti, kuma cikin 'yan watanni gwiwata ta dama ta fara kumbura, har sujada ta zame mini wahala. Dole na ajiye raket. Yanzu tafiya nake yi bayan asuba, daga gida zuwa wajen Kofar Doka in dawo. Ni ba na sauraren kiɗa, wa'azi ko labaran safe na rediyo nake sakawa, kuma suna ɗauke mini tsawon hanya kamar yadda kiɗa ke yi wa wasu. Nauyin yana sauka a hankali, sai dai ina kewar wasan da mutanen. Malama ma'aikaciyar jinya, ko mai irin gwiwata zai iya komawa?

Ma'aikaciyar jinya, Palladan

Alhaji, da yawa suna komawa, amma sai likita ya duba gwiwar tukuna, musamman tunda ta taɓa kumbura. Ka ci gaba da tafiyar, domin duk kilo ɗaya da ka rage yana sauke wa gwiwa nauyin da ya kai kusan kilo huɗu a kowane taku. Ka riƙa ƙarfafa tsokar cinya a gida: ka zauna a kujera, ka miƙe ƙafa ɗaya sosai, ka riƙe ka ƙirga goma, ka sauke a hankali, ka maimaita sau goma a kowace ƙafa. Idan an ba ka izinin komawa, ka fara da ƙwallon tebur ko wasan biyu-biyu, da kambas mai taushin ƙasa wanda ya kama ƙafa, ba silifas ba, kuma ka bar kwana ɗaya tsakanin wasa da wasa. Idan gwiwar ta kwana da ciwo ko ta sake kumbura, ka dakata ka koma asibiti.