Neman shawara: tsofaffin tukwanen kashe gobara a hasumiyar fitilar jiragen ruwa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin sa kai a wata tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke gaɓar tekun Ingila, wadda aka mayar gidan tarihi, kuma an ɗora mini shirya ɗakin baje kayan masu gadin fitilar. A cikin kayan akwai tukunyar jan ƙarfe mai bututun roba, da ɗan famfon tagulla mai tambarin Pyrene, da wasu kwalabe kewayayyu kamar ƙwallo waɗanda har yanzu ruwa yake motsi a cikinsu. Shin in zubar da ruwan in wanke su, ko in bar su yadda suke?

Malamar ilimin sinadarai:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kada ka buɗe ko ɗaya daga cikinsu. Irin famfon Pyrene da ya bazu tun wajen 1911 ana cika shi ne da sinadarin kabon tetrakulorayid, wanda shaƙar tururinsa kaɗai yana lalata hanta da ƙoda, idan kuma ya haɗu da zafin wuta sai ya rikiɗe ya zama iskar fosjin, gubar nan da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kwalaben kuwa jefa su ake yi a gindin wuta su fashe. Na farkon ruwan gishiri ne a cikinsu, wasu na baya kuma wannan sinadarin ne, kuma ido ba zai iya bambance maka su ba.

Tsohon ɗan kwana-kwana:
Malama ta faɗi gaskiya, ni kuma zan ƙara da batun tukunyar. Da alama mai soda da asid ce, irin wadda François Carlier ya yi wa rajista a Faransa a 1866. Ruwan soda ne a cikinta, sannan a wuyanta akwai ƙaramar kwalbar asid irin na ruwan batir, da zarar an kifa ta sai su gauraya su haifar da iskar da ke tura ruwan waje. Don haka kada ka kifa ta don karanta rubutun gindinta, domin idan bututun ya toshe, jikinta kuma ya ci, tana iya tarwatsewa a hannunka. Ka sanar da shugabannin gidan su kira masu kwashe sinadarai masu haɗari, su zazzage su, sannan a baje kwankon. A ganina ma ba ta dace da ɗakin fitila ba tun asali, saboda ruwa ƙara watsa wutar kananzir yake yi, shi ya sa Aleksandr Loran na Rasha ya ƙirƙiro kumfar kashe wutar mai a 1902.

Mai bibiyar tarihin teku:
Idan za ka rubuta bayanin da baƙi za su karanta, ka sa labarin hasumiyar Eddystone da ke kusa da Plymouth, wadda yawancinta katako ne, ta kama da wuta a daren 2 ga Disamba, 1755. Mai gadinta Henry Hall, dattijo ɗan shekara 94, yana watsa ruwa sama da bokiti sai narkakkiyar darmar rufin ta zubo masa har cikin baki. Bayan rasuwarsa an ciro dunƙulen darma mai kusan giram 200 daga cikinsa. Wadda John Smeaton ya gina a madadinta da dutse aka kunna a 1759. A Amurka kuma, da aka koma kananzir a ƙarshen ƙarni na 19, sai aka riƙa gina ɗakin ajiyar mai daban, nesa da hasumiyar. Ka duba harabarku, idan akwai irin wannan ɗaki, can ne ya fi dacewa a baje tukwanen bayan an zazzage su.