Kare Sahrawawa a sansanonin Tinduf da gidajen yarin Maroko lokacin annoba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Tun daga 1975 Sahrawawa, mutanen yankin Yammacin Sahara da suke taƙaddama da Maroko a kansa, ke zaune a sansanonin gudun hijira kusa da Tinduf a hamadar Aljeriya, kuma Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta yawansu da 173,600 a 2018. Lokacin korona an yi ta kira da a wanke hannu, a guji cunkoso. Ta yaya mutanen da a lokacin galibinsu a tankar mota ake kai musu ruwa za su bi wannan shawara, kuma wa ke da alhakin 'yan'uwansu da ke tsare a Maroko?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ruwa da sabulu su ne matakin farko, domin abin da kowane mutum ke samu a can bai kai lita 20 a rana da aka ƙayyade ba, ga zafin bazara da kan kai digiri 50. Abin da ya fi damuna shi ne rashin abinci mai gina jiki, saboda jama'ar da ta dogara da tallafin Hukumar Abinci ta Duniya tun 1986, wadda ƙarancin jini ya yi wa mata da yaranta yawa, ba ta da ƙarfin jure cutar numfashi. Rufe sansanoni da wuri a 2020 ya taimaka, amma ya tsayar da ƙananan sana'o'in da magidanta ke cike giɓi da su.

Ɗalibin shari'a:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai lamarin fursunoni ya fi tsanani. A watan Afrilun 2020 Sarki Muhammad na Shida na Maroko ya yi wa fursunoni 5,654 afuwa, amma ba a saka 'yan rukunin Gdeim Izik ba, wato Sahrawawan da aka kama dangane da tarwatsa sansanin zanga-zangarsu na Gdeim Izik a Yammacin Sahara a 2010, aka kuma rarraba su a gidajen yari masu nisa da iyalansu. A wannan watan ne cutar ta ɓarke a gidan yarin Warzazat da ke Maroko. Dokokin Nelson Mandela na 2015, wato ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, sun tanadi a ba ɗan kurkuku kulawar lafiya daidai da ta sauran jama'a, a kuma tsare shi kusa da gida gwargwadon iko, don haka alhakin yana wuyan gwamnatin da ke riƙe da su.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Ina ganin ya wajaba a bar likitoci masu zaman kansu su riƙa duba waɗannan fursunoni tun kafin wata annobar ta taso.