Neman shawara: Abbansu ya hana littafin Hausa a gida, yara kuma sai waya

Mai neman shawara (an sakaya suna):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a cikin garin Bauchi, wajajen Fadaman Mada. Yarana uku: babbar tana aji shida na firamare, mai bi mata namiji yana aji uku, sai ta goye. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba sa iya karanta Hausa. Da ita muke magana a gida, amma ka miƙa wa babbar takarda, sai in'ina. Makarantar kuɗin da suke zuwa tara ake cin yaro in ya yi Hausa. Turancin ma ba don sha'awa suke karanta shi ba, sai in an ba su aikin gida. Da an dawo Islamiyya an yi magariba, shi ke nan rigimar wayata ta tashi, wannan katun, wancan gem.

Mu ba haka muka tashi ba. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, malamin firamare ne a Misau. Bayan isha'i za a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kife turmi a ɗora fitilar ƙwai, ya miƙa Magana Jari Ce ga wanda ranarsa ce. In ka yi tuntuɓe a kalma ba duka, sai dai ka maimaita layin 'yan'uwa na yi maka dariya. Innarmu ba ta yi boko ba, tana gefe tana ɓarar gyaɗa, amma ita ke riƙe inda aka tsaya jiya. Yayanmu ya kan tsallake shafi don ya gama ya tafi hira, kafin Baba ya farga Inna ta ce, "Kai, aku bai faɗi haka ba tukuna." Da takardar buhun siminti aka yi wa littattafan bango, Baba ya rubuta sunansa da jan biro a ciki.

Da aka yi rabon gado na roƙi littattafan aka bar mini. Hutun da ya wuce na fito da su. Abbansu ya shigo ya tarar da babbar riƙe da ɗaya, ya ce a kwashe. A wurinsa duk littafin Hausa na soyayya ne. Ya ce ya ga yadda ƙannensa mata suka riƙa ƙona girki saboda su, kuma yarinya na shirin jarrabawar shiga sakandare, Turanci da lissafi ne a gabanta. Mutumin kirki ne, bai rage mu da komai ba. Ba na son in yi a bayan idonsa, ba na kuma son in haƙura. Ta ina zan ɓullo masa? In ma ya yarda, yaya ake raba yaro da waya ba tare da gida ya cika da kuka ba?

Maman Sadiƙ, Pantami:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa kin kyauta da ba ki yi a ɓoye ba, don yara ba sa riƙe sirri, ranar da bakin ɗayansu ya suɓuce a gabansa ke za ki ji kunya. Ki bari sai ya ci ya ƙoshi, yara sun kwanta, ki ajiye masa littafin kusa da shayinsa ki ce, "Abban Ummi, don Allah duba mini ko akwai abin da bai dace ba a ciki." Kin mayar da shi alƙali ke nan. Maza ba sa son a ce sun yi kuskure, amma suna son a ce su duba.

Malama Uwani, Kofar Ran:
Ni malamar firamare ce ta gwamnati, bari in yi magana a kan tsoron da yake yi wa jarrabawa. Karatu sau ɗaya yaro ke koyonsa. In ya gane cewa harafi sauti ne, sauti da sauti su ba da gaɓa, gaɓa da gaɓa su ba da kalma, wannan basirar ita zai ɗauka ya shiga Turanci da ita. Hausa kuwa ta fi sauƙin koyar da wannan, saboda yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ga shi yaron ya riga ya san ma'anar abin da yake karantawa. A kan wannan aka gina shirin Mu Karanta da aka yi a makarantun gwamnati na jihohin Bauchi da Sakkwato, 'yan aji ɗaya zuwa uku. A ajina na ga yaran da suka fara da Hausa suna haɗa baƙin Turanci ba tsoro, alhali wasu da ake kawo mana daga makarantun kuɗi haddar shafi kawai suka iya, ka rufe hoton da tafin hannu su tsaya cak.

Babbar ba za ta ba ki wahala ba tunda ta san haruffa. Inda za ta riƙa tsayawa shi ne ɓ da ɗ da ƙ, sai irin su ts da ƙw da gy. Ki rubuta mata sunayen kayan ɗakin girki, ƙwarya, ɗanwake, tsintsiya, gyaɗa, ta karanta ta nuna miki abin. Namijin kuwa kada ki ba shi babban littafi yanzu. Ke ki karanta, shi ya bi layi da yatsa. Kwata ɗin awa kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Kuma ki tuna wa Abbansu Hausa darasi ce da ake rubutawa a WAEC da NECO.

Baban Walida, Jekadafari:
A yi haƙuri namiji ya sa baki. Maigidanki ba shi da laifi gaba ɗaya, uba ne yake tsoro. Sai dai ƙofar da ya tsare ba ta nan ɓarawon ke shigowa ba. Labaran da yake gudu yanzu ba a takarda suke ba, a WhatsApp ake tura su shafi-shafi, ba mai tacewa. Littafin takarda ko ba komai kana ganin bangonsa.

Tunda ɗan Bauchi ne, ki tambaye shi wa ya rubuta Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, yana malamin makarantar Midil a Bauchi, ya shiga gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933, littafin ya fito a 1934. Mutumin da Turawa suka riƙa sha'awar Turancinsa, har ya zama Firayim Minista, da Hausa ya yi littafinsa. Kabarinsa na nan cikin gari, ba sai an hau motar haya ba. Magana Jari Ce kuma na Abubakar Imam ne, tun 1937 ake karanta shi a makarantu. Zai yi wuya a ce shi kansa Alhajin bai taɓa jin labarin akun nan ba.

Ummu Hanifa:
Ni dai a ganina tunda mijinki ya ce a'a, ki bari. Lokacin nan ki sa su tilawa ya fi lada.

Maman Sadiƙ, Pantami:
Ummu Hanifa, ai ba ta ce za ta saɓa masa ba, shawarar yadda za ta nemi yardarsa take nema. Kuma yarinyar da ba ta karanta Hausa, yaya za ta yi da fassarar littattafan Islamiyya?

Anti Bilki, Azare:
Kowa na lallaɓa ki, ni zan faɗa. Wa ya ba su wayar? In kina latsa waya kina ce wa yaro ɗauki littafi, dariya yake miki a ransa. In lokacin karatu ya yi, taki ma a jona ta a caji a ɗaki a ja ƙofa. Za su yi kuka kwana biyu, ba a mutuwa.

Hajiya Kaka, Bolari:
'Yata, Allah Ya jiƙan mahaifinki, ya bar muku gado. Abu biyu zan ƙara. Shaihu Umar kada ki fara da shi, akwai bauta da rabuwar uwa da ɗa a ciki, ya yi wa ɗan aji uku nauyi, jikana da aka karanta masa, a ɗakina ya kwana. Na biyu, in surukarki na raye ki kai mata jikokin ranar Juma'a, ki ce babbar ta karanta mata labari ɗaya. In tsohuwa ta ji daɗi ita za ta ce wa ɗanta a ƙara, ke kina gefe. Sannan kada ki bari labari ya ƙare a zama ɗaya. Ki rufe daidai inda ya yi daɗi ki ce sai gobe. Haka aka yi mana, da kanmu muke ɗauko fitila.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Anti Bilki, da wayar nake sayar da turaren wuta, masu oda kuma da dare suka fi kira, amma zan gaya musu daga isha'i zuwa tara ba na ɗauka. Hajiyarsu na nan Yelwa da ranta, kuma tana son hira, zan bi ta nan tare da dabarar Maman Sadiƙ. Saura abu ɗaya: Magana Jari Ce littafi na ɗaya da na uku ne kawai a wurina, na biyun tun muna yara wani ya ara bai dawo da shi ba. Ina zan samu?

Malama Uwani, Kofar Ran:
Ki duba wurin masu littattafan makaranta a kasuwar Wunti. Amma ki buɗe ki bi shafukan kafin ki biya, akwai na bugun bayan fage, rubutun dishi-dishi, wani ma shafi ya tsallake. In ba ki samu mai kyau ba ki yi wa admin magana ta haɗa mu, ina da shi zan ara miki zuwa ƙarshen zango. Sharaɗi ɗaya: a yi masa bango kafin ya shiga hannun ta goyen.